Ailred, Shugaban da Bai Kori Kowa Ba

Karatunmu na safiyar yau yana cikin Romawa, sura 15, aya 1 zuwa 7. A nan Manzo Bulus ya ɗora wa masu ƙarfin bangaskiya nauyin raunin 'yan'uwansu, ya kuma roƙi masu bi su karɓi juna yadda Kristi ya karɓe su. Ayoyi ne masu daɗin ji a coci, masu wuyar aikatawa a gida. Da zarar ka rufe Littafi Mai Tsarki sai fuskar wani ta faɗo maka a rai: ƙanen da aka gaji da biya wa bashi, yaron shagon da ya sake ɓatar da kuɗin ciniki, ko matar nan ta zumunta da ba a tashi taro sai ta ɓata wa wata rai. Kowa da nasa. Akwai wani bawan Allah da ya shugabanci mutum fiye da 600 a gida ɗaya, cikinsu har da masu irin wannan hali, ya shekara 20 yana fama da su. Shi ne Waliyyi Ailred, wanda Ikilisiya take tunawa da shi ranar 12 ga Janairu.

An haife shi a 1110 a garin Hexham da ke arewacin Ingila, a gidan firistoci. Mahaifinsa Eilaf firist ne, kakansa ma haka. A yankin nan, a zamanin nan, ba baƙon abu ba ne firist ya yi aure ya bar wa ɗansa aikin coci gado. Sai dai Ailred ya taso daidai lokacin da Ikilisiya ta tashi haiƙan don hana wannan al'ada, ƙofar gado ta rufe masa. Yana wajen shekara 14 aka kai shi fadar Sarki Dauda na Ɗaya na Sikotlan, ya girma tare da 'ya'yan sarki, har aka danƙa masa kula da hidimar gidan sarki. Ya samu shiga, ya samu suna, ya kuma samu mahassada. Wata rana wani jarumin fada ya ci masa mutunci a gaban sarki da fadawa. Ailred bai rama ba, ya amsa masa da laushi kamar wanda aka faɗa wa gaskiya, har kunya ta kama mutumin ya zo neman gafara daga baya. Amma kada wannan ya sa mu zaci an haife shi da natsuwa ne. Shi da kansa ya rubuta cewa a shekarun nan mutane suna kallonsa suna yaba sa'arsa, alhali a ciki zuciyarsa a yayyage take, sha'awace-sha'awace sun ɗaure shi, har ya kusa fid da rai.

A 1134 aka aike shi birnin Yok wurin Babban Bishop Thurstan. A can ya ji labarin wasu 'yan zuhudu da suka zo daga Faransa shekara biyu kafin nan, almajiran Waliyyi Barnad na Clairvaux, suka kafa gida a wani kwari a bakin kogin Rye, wurin da ake rubutawa Rievaulx ana furtawa Ribo. Ya sauka a gidan Walta Espec, basaraken da ya ba su filin, aka raka shi ya gan su, abin ya taɓa shi ƙwarai. Duk da haka washegari da sassafe ya hau dokinsa ya kama hanyar arewa zai koma fada. Hanyar ta bi ta kan tudun da ke kallon kwarin. Da suka iso inda ake gangarawa gidan, sai ya tambayi wani abokin tafiyarsa ko yana so su sake leƙawa. Mutumin ya ce yana so. Suka gangara, daga ranar Ailred bai sake zama bafade ba.

A wannan mararraba nake so mu ɗan tsaya. Ailred yakan ce da abokin nan ya ƙi, da shi ma ya wuce. Rayuwar waliyyi guda, da rayukan ɗaruruwan mutanen da za su fake a inuwarsa, sun rataya ne a kan amsar da wani ya bayar bisa doki da sanyin safiya. Mutumin da ya san haka game da kansa ba zai yi saurin raina mai tangal-tangal ba. Yawancin taurin zuciyar da muke nuna wa raunana daga mantuwa yake fitowa. Mun manta wanda ya riƙe mu ranar da muka kusa faɗuwa, sai muka fara ba da labarin tsayuwarmu kamar da ƙarfinmu muka tsaya.

Gidan da ya shiga, na 'yan zuhudun Sito, ba wurin hutu ba ne. 'Yan zuhudun Sito, waɗanda aka kafa gidansu na farko a Faransa a 1098, sun ɗauki Ƙa'idar Waliyyi Benedik da tsanani. Tufarsu ulu ne da ba a rina ba, shi ya sa ake ce musu fararen 'yan zuhudu. Nama sai mara lafiya. Burodi ne da wake da ganye, a lokacin hunturu ma sau ɗaya a rana. Tun dare bai raba sosai da tsakiya ba ake tashi a shiga coci mai sanyi a rera Zabura, kuma duk mako sai an sauke Zabura 150. Da rana noma, kiwon tumaki, gini, magana kuwa kaɗan, yawanci da ishara ake yi. Har yau akwai masu bin wannan tafarki a Awhum ta jihar Enugu da Mbengwi kusa da Bamenda a Kamaru. Irin wannan gida yakan jawo jarumai, jarumai kuma ba su cika haƙuri da wanda bai kai su ba.

Bayan ya dawo daga wani aike da aka yi masa zuwa Roma a 1142, aka ba Ailred renon sababbin shiga. Cikinsu akwai wani mutum da ya yi karatun aikin coci, mai rawar zuciya, yau yana so gobe ba ya so. Walta Daniyel, ɗan zuhudun da ya rubuta tarihin Ailred, ya ba da labarinsa dalla-dalla amma ya rufa masa asiri, bai ambaci sunansa ba. Tun farko Ailred ya roƙi Allah ya ba shi ran mutumin nan. Ba a daɗe ba mutumin ya zo ya ce shi kam ya gaji, tafiya zai yi. Ya fita, ya yini yana yawo a daji bai gane hanya ba, da yamma sai ga shi a cikin harabar gidan da ya baro. Ailred ya tarye shi ya rungume shi. Bai kai ƙararsa wurin shugaban gida ba, don ya san hukuncin zai iya fin ƙarfin mutumin.

A 1143 aka tura Ailred ya shugabanci sabon gida a Revesby, mutumin nan yana cikin jama'arsa. Ciwon ya sake tashi. Ya zo da jerin koke-kokensa: abinci ba ya haɗiyuwa, tufa tana cizon fata, addu'ar dare ta yi tsawo, aiki ya fi ƙarfinsa. Abin da Ailred ya yi a nan shi ne ya fi ba ni mamaki. Bai yi masa wa'azin gicciye ba. Ya ce zai sassauta masa abinci da tufa gwargwadon abin da ɗan zuhudu zai iya samu, shi dai ya zauna. Mutumin ya ƙi. Sai Ailred ya ce to, shi ma ba zai sa komai a baki ba sai Ubangiji ya komo da shi, ya shiga ɗaki yana kuka yana addu'a. Mutumin ya nufi ƙofa, ƙofa a buɗe, amma ya kasa ƙetarewa, kamar an gina katanga a gabansa. Walta ya ɗauki wannan a matsayin mu'ujiza. Ko da wani zai ce zuciyarsa ce ta kasa barin inda aka damu da shi haka, ni ban ga abin da ya ragu daga aikin Allah ba. Shekaru bayan nan, a Ribo, mutumin ya dawo daga wata tafiya da aka aike shi, ciwo ya kama shi, cikin 'yan kwanaki ya cika da tufar zuhudu a jikinsa, kansa a hannun Ailred.

Ba a ce ya zama gwarzo ba. Ba a ce ya daina ƙorafi ba. An dai riƙe shi har ƙarshe, kuma a lissafin Ailred wannan riba ce da ta cancanci azumi da hawaye na shekaru.

A 1147 'yan'uwa suka zaɓe shi shugaban Ribo. A hannunsa gidan ya bunƙasa, har lokacin rasuwarsa akwai 'yan zuhudu 140 da 'yan'uwa ma'aikata da barori 500. Da yawa daga cikin ma'aikatan nan talakawa ne da ba su iya karatu ba, masu kiwo da noma, wasu kuma gidajen zuhudu na wasu wurare sun ƙi karɓarsu. Ailred ya koya wa jama'arsa cewa abin alfaharin Ribo, wanda ya fi gine-gine da gonaki, shi ne ta iya ɗaukar raunana, kuma duk gidan da girman kai ya hana shi jure wa mai rauni bai cancanci a kira shi gidan Allah ba. Walta ya shaida cewa cikin shekara 17 da ya yi a ƙarƙashinsa, bai ga ya kori ɗan zuhudu ko ɗaya ba. Mutum huɗu sun sulale ba da saninsa ba, uku suka dawo.

Na san abin da mai hankali zai ce, kuma yana da hujja. Wake ɗaya ke ɓata gari. In shugaba ba ya kora, masu ƙoƙari za su karaya, malalata su miƙe ƙafa. Ƙa'idar Benedik kanta ta yarda a sallami ɗan'uwan da ya ƙi gyaruwa bayan an gwada gargaɗi da horo da addu'ar jama'a duka. Tun Ailred yana raye akwai masu cewa ya cika sassauci, har da masu yi masa irin gorin da aka yi wa Ubangijinmu, na cewa abokin masu zunubi ne mai son jin daɗi. Amma ƙa'idar nan ita ce kuma ta ce wanda ya fita ya dawo a karɓe shi har sau uku. Ita ce ta tuna wa shugaba cewa jinyar rayuka marasa lafiya aka ba shi, ba mulki a kan masu lafiya ba, kuma zai ba da lissafin kowane rai ranar shari'a. Ita ce ta umarce shi ya tsara gida yadda masu ƙarfi za su sami abin da za su ƙara himma a kai, raunana kuma ba za su gudu ba. Ailred bai soke hukunci ba. Abin da ya ƙi shi ne ya kai ga maganin ƙarshe alhali na farko da na biyu ba su ƙare ba. Mu kuwa sau da yawa daga na ƙarshen muke farawa, domin shi ne mai sauƙi: a cire shi daga ƙungiya, a daina gayyatarta, a mayar da yaron ƙauye. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, haka muke faɗa, amma mukan riga ruɓewar wasa wuƙa.

Bulus ya gaya wa Korintiyawa, a wasiƙarsa ta farko sura 12, cewa gaɓoɓin jiki da ake gani kamar su ne raunana, su ne ba a iya yi sai da su. Ailred ya ga gaskiyar wannan a jikinsa. Shekaru goman ƙarshe na rayuwarsa ciwon gaɓoɓi da tsakuwar ƙoda suka sa shi gaba, wani lokaci ko taɓa shi aka yi sai ya yi ƙara. Duk da haka yana hawa doki ya ziyarci gidajen da Ribo ta haifa har cikin Sikotlan, ya kuma ƙetare teku zuwa taron shugabanni a Sito. Da abin ya yi tsanani, taron ya ba shi izinin ci da kwana a sashen marasa lafiya, aka gina masa ɗan ɗaki a gefensa. Shugaban da ya saba ɗaukar mutane ya koma wanda ake ɗauka a cikin mayafi. Ɗakin nan kuwa ya zama dandalin gidan. Mutum 20 ko 30 sukan taru a lokaci ɗaya, wasu a bakin gadonsa, suna tambaya, suna hira a kan Nassi, ba mai korarsu. A gidan da shiru yake doka, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A wannan hali ne abin da ya fi muni ya faru. Yana kwance a kan tabarma kusa da wuta, ciwo ya dunƙule shi, Walta yana zaune tare da shi, sai wani ɗan zuhudu ya faɗo ɗakin a fusace yana zaginsa da lalaci. Ya sunkuci tabarmar da shi a kai ya jefa shi cikin murhu. Walta ya yi kansa ya damƙe masa gemu, 'yan'uwa suka rugo za su far masa. Ailred, da aka ciro shi daga toka, ya hana kowa taɓa shi. Ya kira shi ɗansa, ya sumbace shi, ya sa masa albarka, bai kuma bari a kore shi ko a hukunta shi a kan abin da ya yi masa ba. Babba juji ne, amma ban san babban da aka zuba wa irin wannan shara ya karɓa haka ba.

A nan dole a yi hattara, domin ana iya ɗaukar labarin nan a cuci bayin Allah da shi. Ailred ya yafe laifin da aka yi wa jikinsa ne, shi da yake da iko a gidan, kuma yana kewaye da masu kare shi. Wannan ba izini ba ne ga shugaba ya rufe ido a kan wanda ke cin zalin na ƙasa da shi, ya kira abin haƙuri. Matar da ake duka, yaron da ake lalatawa, ma'aikacin da ake danne wa haƙƙi, su ne raunanan da Bulus ya ce a ɗauka. Wanda ya ce musu su yi shiru don a zauna lafiya ya ɗauki nauyin mai ƙarfi ya ɗora wa mai rauni, ya juya ayar a baibai.

Haka kuma ɗaukar kowa ba ya nufin buɗe wa kowa ciki. Ailred ya rubuta littafi a kan abota ta ruhaniya, inda ya raba ƙaunar da ake bin mu bashinta ga kowa, har maƙiyi, da amintakar da ake ba mutum bayan an zaɓe shi an gwada amanarsa, niyyarsa, hankalinsa da haƙurinsa. Ya sa Walta kansa a cikin hirar littafin, ya nuna shi yana cika yana batsewa don baƙi sun tsare shugaba sun hana shi zama da shi. Wato marubucin da ya ba mu labarin mai rawar zuciya, shi ma ɗaukarsa ake yi, da alama bai ma lura ba. Yawancinmu haka muke. Muna ƙirga waɗanda muke haƙuri da su, ba mu san adadin masu haƙuri da mu ba.

Da ajali ya matso, ya tara 'yan'uwa ya yi musu bankwana. Dukiyar da ya nuna musu ita ce littafin Zabura, Bisharar Yohanna, littafin da Waliyyi Agustin ya bayyana tubansa a ciki, da ɗan ƙaramin gicciye. Ya shaida musu a gaban Allah cewa tun ranar da ya sa tufar zuhudu, babu ƙeta ko ɓatanci ko rigimar wani da ta kunna masa fushin da ya wuce yini ɗaya a zuciyarsa. Bai ce fushi bai taɓa zuwa ba. Cewa ya yi bai bar shi ya kwana ba, daidai da gargaɗin Afisawa sura 4 aya 26. Ya rasu ranar 12 ga Janairu 1167, yana wajen shekara 57.

Wannan ma'auni na yini ɗaya shi ne za mu iya fita da shi yanzu. Ba a ce ka ɗauki alkawarin shekara 20 da safen nan ba. Mutumin da ya faɗo maka a rai tun farkon karatu, wataƙila kafin azahar zai sake yin abin nan da ya saba. Kafin ya yi, ambaci sunansa a gaban Allah, ka roƙi ransa yadda Ailred ya roƙi ran almajirinsa. Ka duba ko akwai abin da za ka iya sassauta masa ba tare da an taka gaskiya ko an cuci wani ba. In akwai tsawatarwa, ka yi ta a keɓe, da muryar da za ta bar masa hanyar dawowa.

Mu yi addu'a. Ya Ubangiji Yesu, Makiyayi nagari, kai ka san ranar da na kusa wucewa ka sa wani ya tsayar da ni. Ga ɗan'uwan nan da na gaji da shi, ga 'yar'uwar nan da nake gudun haɗuwa da ita, na kawo su gabanka da sunayensu. Ka ba ni ransu. Ka tsare bakina idan suka tsokane ni yau, ka ba ni ƙarfin hali in tsaya wa wanda ake zalunta a ƙarƙashin kulawata, ka kuma sāka wa waɗanda suke jure halina ban sani ba. Waliyyi Ailred, ka yi addu'a domin iyaye, da malamai, da shugabannin ikilisiyoyinmu. Cikin sunan Uba, da na Ɗa, da na Ruhu Mai Tsarki. Amin.